Mahaucin da Ya Ƙi Janabu

"Mahauci? A zuri'ar Ardo Jabbo? Sai dai bayan raina!"

Goggo Dudu ke nan, yayar Baabanmu. Tun ranar da Sali ya turo manyansa neman auren ƙanwata Janabu aka mayar musu da goronsu, da wannan maganar take karya kumallo, da ita take kwana. Tana faɗa tana yagar tsokar da Salin ya aiko, mai yana bin gwiwar hannunta. Ni dai ban taɓa ganin ta mayar da naman ba.

Ni ce Astawabi, 'yar farin Alhaji Hamajoda mai gandun shanu a bakin kogin Vina. Na yi aure na fito, saboda haka babu mai neman shawarata a gidan nan, ni kuma ba na fasa bayarwa.

Janabu ba yarinya ba ce. Ta yi karatunta a Ngaundare ta gama, kuma tun rasuwar Daada, mahaifiyarmu, ita take riƙe da rabin aikin gandun. Amma da an ambaci Sali sai ta koma wata sokuwa, ido ya cika da ruwa, murya ta hau rawa. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi.

Laifin Sali ɗaya ne: kakansa mahauci, ubansa mahauci, shi ma haka. Yana da shagonsa da ɗakin sanyi kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma duk bijimin da ya fita daga gandunmu ta hannunsa yake bi. Shi zai zo ya duba, ya zaɓa, ya yanka, ya buga hatiminsa, ya sa a jirgi zuwa Yawunde, wurin masu sayen da ba sa taɓa naman da aka yi wa allurar ƙiba ko ya ci ciyawar feshi. Biyo suke ce wa irin namanmu. Baaba ya sha wahalar shekaru kafin su yarda da shi. Babu takin buhu a ƙasarsa, babu feshi, saniyar da ciwo ya tilasta aka yi wa allura ma ware ta ake yi a sayar a kasuwa kamar ta kowa. Mutanen Yawunde sau ɗaya suke leƙowa a shekara, sauran kwanakin kuwa idon Sali ne idonsu.

Wato wuƙarsa ce take ciyar da mu, amma hannun da ke riƙe da ita bai isa ya karɓi 'yarmu ba. Har kofinsa daban ne a gidanmu, yana rataye a ƙusa bayan rumfa. Mu ke nan masu asali.

Wanda Goggo take so wa Janabu kuwa ɗanta ne, Hamma Abbo, mai shagon maganin gona da na dabbobi a babbar kasuwa. Yana da mota mai buɗaɗɗen baya, yana da tumbi, yana da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Bafulatanin asali ne wanda in saniya ta yi atishawa sai ya koma bayan mota. Taubashina ne, don haka a gaban idonsa nake faɗa masa.

Baaba ya ce ba zai yi wa Janabu dole ba. Ya kuma ce ba zai ba mahauci ba. Sai aka bar ta a rataye shekara uku.

Damina ta yi nisa, bokasa ta cinye fadamar da ake ƙosar da bijiman yanka. Ciyawa ce marar mutunci, saniya ba ta cin ta, ita kuma ba ta barin wata ta fito. Maƙwabta feshi suke yi mata su huta. Mu da hannu muke tumɓuke ta, saiwa da saiwa, har tafin hannu ya yi kanta.

A can Abbo ya same mu wata safiya. Ya tsaya a kan tudu don kada takalminsa ya taɓa laka.

"Haba Janabu, dubi hannunki don Allah! Matar da zan aura ce a cikin ciyawa kamar 'yar ƙodago?"

"Ina kwana, Hamma Abbo," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na ce, "Sauko mana, ango, ga fartanya. Ko tumbin ne ba ya lanƙwasuwa?"

"Ke Astawabi, bakin nan naki ne ya fito da ke daga gidan miji."

"Da ƙafata na fito. Kai kuwa ko shiga ba a bari ka yi ba."

Ya yi dariyar yaƙe, ya bi fadamar da kallo yana kaɗa makullin mota. "Kawu yana wahalar da ku a banza. Wannan ai aikin yini ɗaya ne. Ku bar ni da shi, za ku ga abin da namiji yake yi wa surukinsa."

Sai a lokacin Janabu ta miƙe. "Hamma, kada ka taɓa fadamar nan. Ka san dokar Baaba."

"Dokar 'yan ƙaƙalen Yawunde dai," ya ce, ya juya.

Mun ɗauka cika baki ne irin nasa. Ashe sakarai ma yakan cika alkawari.

Ranar Juma'a Baaba da makiyaya suka tafi masallaci, ni da Janabu muka tafi barkar haihuwa. Goggo ta buɗe wa ɗanta ƙofar shinge da hannunta, ya shigo da mutanensa kowa da tankin feshi a baya, suka wanke fadamar tas. Suka yi shiru da bakinsu, wai sai ciyawar ta bushe Baaba ya ga abin mamaki. Da yamma makiyaya suka saki bijimai a ciki kamar kullum. Mu kuma makon nan duk muna shingen tudu wurin shanu masu haihuwa, babu wanda ya leƙa.

Sali ne ya gani. Ya zo zaɓen bijimai, ya tarar da ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, ga jarkokin magani a yashe cikin kwari. Ya ɗauko ɗaya ya kawo rumfar Baaba, ya durƙusa ya ajiye a gabansa.

Ban taɓa ganin fuskar Baaba ta yi irin wannan duhun ba, ko ranar da aka binne Daada.

Aka kira Abbo a waya. Ya iso bakinsa har kunne, ya sha sabuwar shadda, ya zauna yana gyara hula.

"Kawu, wallahi ba sai ka gode ba. Ai yi wa kai ne."

Baaba ya dube shi. "Ka san abin da ka yi? Ƙasar da na raina kamar jariri ka zuba wa guba. Fadamar nan ta fita daga biyo, sai ta yi shekaru kafin su sake karɓar ta. Bijiman da suka ci ta duk sun zama naman kasuwa. In mutanen nan suka janye, su waye za su sake yarda da ni?"

Murmushin Abbo ya tsaya a rabin hanya. Ya kalli uwarsa, ya kalli jarkar, sai ya ɗaga kafaɗa.

"To wa zai sani, Kawu? Nama ai nama ne. Akwai bijimin da ke magana?"

Idon kowa ya juya wurin Sali, wanda har lokacin yake durƙushe a bakin rumfa inda ya saba tsayawa.

A nan na ga ikon Allah. Goggo Dudu, matar da take toshe hanci da mayafi in Sali ya gifta, ita ce ta gyara murya ta yi laushi kamar man shanu a rana.

"Astawabi, ke wace irin marar tarbiyya ce? Kin bar yaro a ƙasa? Shimfiɗa masa darduma. Ki kawo masa kindirmo a ƙwaryar Alhaji."

"A ƙwaryar Baaba, Goggo? Kofinsa fa? Ko ƙusar ce ta cire?"

Ta watsa mini harara. Na kawo, don ina son in ga ƙarshen wasan. Da na shiga ɗauko ƙwaryar na tarar da Janabu a manne da taga.

"Sali ɗana," in ji Goggo, "kai ai na gida ne, tun kana yaro muka san ka. Abin da ya faru ya faru. Ruwa biyu ya sauka fadama ta koma kore, babu wanda zai gane. Ka buga hatiminka kamar kullum, a rufa wa juna asiri. Mu kuma mun zauna mun duba, mun ga yarinyar nan ta nace. Ka turo manyanka Juma'a mai zuwa, an ba ka Janabu."

Abbo ya zabura. "Daada! Janabun tawa?"

"Rufe mini baki, sakarai! Kai ka jawo mana."

Na kalli Baaba. Na jira ya daka mata tsawa, ya ce 'yarsa ba toshiyar baki ba ce. Kansa yana ƙasa, yana jan carbi. Wannan shirun nasa ya fi maganar Goggo ƙona mini rai.

Sali bai taɓa ƙwaryar ba. Ya ce, "Alhaji, da yawunka Goggo take magana?"

Baaba bai ɗago ba. "Ka ji abin da ta ce."

Na ga gumi yana bin wuyan Sali. Sannan ya ce, "Ku yi mini haƙuri, ba zan iya ba. Bijiman nan zan yanka su in sayar muku a kasuwa da daraja, ladan aikina ma na yafe. Amma hatimina ba zai hau su ba. Ba ni zan kira Yawunde ba, Alhaji, wannan naka ne. Sai dai in sun tambaye ni ba zan ɓoye ba."

Man shanun Goggo ya daskare nan take.

"Kun gani ko? Kun ga halin mahauci? An tsamo ka daga cikin jini da tumbi an ɗora ka a darduma, kai ne za ka ce ba ka so? 'Yar gidan Ardo Jabbo ake ba ka kyauta, ɗan gidan ƙuda! Tashi ka ba mu wuri!"

Ya tashi, ya rusuna wa Baaba, ya nufi motarsa.

Bai kai ba Janabu ta fito da gudu, ba takalmi, mayafi a hannu. Na bi ta don kada a ce ta keɓe da namiji, kuma don kunnena yana ƙaiƙayi.

"Sali! Tsaya! Me ka yi mini?"

Ya tsaya, bai iya kallon ta ba.

"Shekara uku," ta ce, hawaye shaɓe-shaɓe. "Shekara uku ina shan zagi a kanka. An ce ina warin mayanka. An ce na zubar da mutuncin gidanmu. Ƙawayena sun yi aure sun haihu, ni ina nan ina jiran ranar da za a ce an ba ka. Yau an faɗa, da kunnena na ji, kai kuma ka ce a'a?"

"Janabu, ba ke na ce wa a'a ba."

"To wa ka ce wa? Ni aka ajiye a gabanka! Hatimi ne fa kawai, Sali. Sau ɗaya! Wa zai mutu don ya ci naman nan? Duk Ngaundare ba irinsa suke ci ba?"

"Babu mai mutuwa. Amma mutanen nan ba su san fadamarku ba, ni suka sani. Akwai matar da take sayen naman nan don yaronta marar lafiya, ta yarda da abin da na ce mata. In na yi sau ɗaya, me ya rage mini?"

"Ni! Ni zan rage maka! Ko ban kai ba?"

Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Kin wuce haka, shi ya sa. Kin ji yadda aka ba ni ke? Jiya ban isa in sha ruwa a kofinku ba, yau an ba ni ke don in yi ƙarya. Shekara uku suna cewa mahauci ba shi da mutunci. In na karɓa na gaskata su. Duk ranar da muka saɓa, Goggonki za ta tuna miki da me aka saye ni, ke ma kuma za ki tuna."

"Ba zan tuna ba! Wallahi ba zan tuna ba!"

"Ni zan tuna."

Ta durƙushe a wurin tana kuka kamar ranta zai fita. "Girman kanka ya fi ni a wurinka. Dama ba ka so na. Tafi! Tafi ka auri hatimin naka!"

Ya goge fuska da hannun riga, ya dube ni ya ce, "Adda, ki kula da ita." Ya shiga mota ya tafi.

Na ɗaga ta ina tsaki. Ban san wa nake yi wa tsakin ba, ita da take kuka don an ƙi sayen ta, ko shi da ya zaɓi yau don ya zama waliyyi. Raina dai ya ɓaci, kuma a ƙasan ɓacin ran na ji yaron ya burge ni, abin da ya ƙara mini haushi.

Da muka koma rumfa Baaba ba ya nan. Can na hango shi a kan tudun da ake samun waya, shi kaɗai, waya a kunne. Ya daɗe. Da ya sauko tafiyarsa ta tsufa.

"Na faɗa musu," ya ce wa iska, don Baaba ba ya kiran sunana, ba ya kuma yi mini magana kai tsaye. "Sun ce za su turo mutum ya duba. Abin da Allah ya rubuta shi zai faru."

Goggo ta ɗora hannu a ka ta hau salati. Abbo kuwa tuni ya sulale, ko ƙurar motarsa ba mu gani ba.

Na ce a raina shi ke nan, gaskiya ta yi halinta, yanzu zai ce a kira yaron. Janabu ma haka ta zata. Ta rarrafa gabansa ta durƙusa.

"Baaba, tunda ka faɗa da kanka, ai babu sauran abin ɓoyewa. Ka ga halinsa da idonka. Don Allah, Baaba."



"Na ga halinsa," ya ce. "Yaron yana da gaskiya. Yau ya fi ni, ya fi duk wanda ya zauna a rumfar nan. Shi ya sa ba zan ba shi ke ba."

"Baaba?"

"A gabansa aka yi cinikinki ina zaune na yi shiru. Ya tambaye ni, na amsa. Ya ga abin da bai kamata suruki ya gani ba. Kullum ya shigo ya durƙusa yana gaishe ni, ni na san abin da ya sani. Ba zan iya haɗa ido da shi ba har in mutu. Ki nemi wani, ko wane ne, zan ba shi."

Wallahi sai da na yi dariya, dariyar da ba ta da daɗi. Na ce, "Madalla da kunya irin tamu! A da an hana shi don ba shi da mutunci, yau an hana shi don ya fi mu mutunci. To ya zai yi, Baaba? Ya sake haihuwar kansa?"

"A faɗa wa waccan ta yi mini shiru," in ji Baaba.

Ni na ɗauka Janabu za ta sake ɓarkewa da kuka. Ba ta yi ba. Ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta miƙe, ta shiga ɗaki ta sa takalmi, ta ɗauko sandar kiwonta.

La'asar ta yi sanyi, shanu sun dawo babban shinge. Ta shiga tsakiyarsu ta ɗaga murya.

"Sayge! Wule! Taho, Nyale!"

Ranar sunan kowace 'ya a gidanmu ana ba ta karsana, duk abin da karsanar ta haifa nata ne, amma suna zama a garken uba. Ba a ware su sai ranar da za a kai ta ɗakin miji. Shanun Janabu take kira, su kaɗai.

Suka ɗago kai suka fara ratsowa, tsohuwar Sayge a gaba, 'ya'ya da jikoki a bayanta. Makiyaya suka tsaya sororo, babu wanda ya yi ƙarfin halin tare ta. Goggo tana ihu daga nesa, "Ta haukace! Mahauci ya yi mata asiri! Ku riƙe ta!"

Baaba ya riga ta isa ƙofar shinge. Ya dafa gungumen da ke tare ƙofar da hannu ɗaya.

"Ina za ki kai su?"

"Gidan Bappa Iya, ƙanenka," ta ce, muryarta ko rawa babu. "Shi ma waliyyina ne. In kai ba za ka iya kallon Sali ba, shi zai iya. Ɗazu na roƙi mutumin kirki ya yi ƙarya don ya same ni, na zage shi da ya ƙi. Ni ma da kunyar zan je masa, Baaba, amma zan je."

"Janabu."

"Ka buɗe mini, ko in buɗe?"

Ya saki gungumen, ya matsa gefe taku ɗaya. Idonsa ya cika, amma bakinsa bai yi laushi ba.

"In saniyar farko ta taka waje, 'ya ɗaya gare ni."

Na dube ta, ta dube ni. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni wurin ba, sai na ji nauyin gungumen a hannuna, na ja shi ya faɗi ƙasa.

Janabu ta taɓa wuyan Sayge da sanda a hankali. Tsohuwar saniyar ta shinshina hannun Baaba, kamar yadda ta saba in tana neman kanwa, sannan ta wuce shi ta taka waje.